Wasan Kyakkyawan Hali a ajin firamare: ra'ayin malamar da ta yi aiki da shi

Cikin shirye-shiryen da ake kawo wa makarantu don gyara zamantakewar yara, wanda na fi daɗewa ina aiki da shi shi ne Good Behavior Game, wato Wasan Kyakkyawan Hali. Ni malamar ƙananan azuzuwan firamare ce, kuma abokan aiki sun sha tambayata ko shirin ya cancanci wahalar da ake sha a kansa. Ya cancanta. Masu kawo shi sukan fara da cewa zai rage hayaniya a aji, kuma gaskiya ne yana ragewa. Ni dai abin da ya sa na riƙe shi shi ne yadda yake canza matsayin yaron da aji ya riga ya tsana. Sai dai akwai sharaɗi, akwai kuma yaran da bai taɓa su ko kaɗan, kuma duka biyun zan faɗe su.

Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. Malami ya raba aji ƙungiya-ƙungiya da kansa, bai bar yara su zaɓi abokansu ba, ya gauraya maza da mata, masu ƙiriniya da masu kunya, yadda babu ƙungiyar da za ta kwashe fitinannu ita kaɗai. Akwai dokoki 4 da ake liƙawa a bango: mu yi aiki ba hayaniya, mu girmama juna, kada a bar wurin zama sai da izini, mu bi umarni. Malami ya ce an fara wasa, ya saita agogo a minti 10, darasi ya ci gaba kamar kullum, lissafi ne ko rubutu. Idan wani ya karya doka, a sa wa ƙungiyarsa alama a allo. Duk ƙungiyar da alamunta ba su wuce 4 ba idan lokaci ya cika, ta ci. Ƙungiyoyin duka suna iya ci a rana ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ake nema. Ana farawa da sau 3 a mako, sannan a riƙa tsawaita lokacin, a jinkirta ladar zuwa ƙarshen yini ko ƙarshen mako, har a kai inda ba a ma sanar da cewa ana wasan.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne daga aji shirin ya fito. Wata malamar aji 4 a jihar Kansas ta Amurka, Muriel Saunders, ita ce ta fara gwada shi a ajinta mai wuyar sha'ani, ita da Harriet Barrish da Montrose Wolf na Jami'ar Kansas suka wallafa sakamakon a 1969. Abin da ya dame ta shi ne abin da ke damun kowane malami: surutu da tashi daga kujera ba izini. Shi ya sa shirin bai buƙatar wani darasi na daban a jadawali, bai buƙatar littafi ga kowane yaro. Allo da alli da agogo sun isa.

Abin da ya fi wuya a cikinsa shi ne muryar malami. Yadda aka koya mana, idan an karya doka sai ka ce, "Ƙungiya ta biyu, an karya doka ta uku," ka sa alama, ka yaba wa ƙungiyar da ke zaune lafiya, ka wuce. Ba harara, ba kiran sunan yaro, ba dogon faɗa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma malami ya saba idan yaro ya tashi karo na biyar, ransa ya ɓaci, ya tsaya ya yi masa tas a gaban kowa. Ga yaron da ba a kula shi sai ya yi laifi, wannan faɗan shi ne ladarsa: na ɗan lokaci idon aji duka yana kansa. Wasan yana ɗauke masa wannan, ya mai da hankalin malami kan waɗanda suke yin daidai. Na ga bambancin a jikina ma, don nakan tashi daga makaranta muryata ba ta dishe ba.

Lada ba sai an saya ba. Yarana sun fi son a ba su daƙiƙa 30 su buga tebur kamar ganga, ko a bar su su fara fita tara, ko su zaɓi labarin da za a karanta, ko a ba su goge allo. Wanda ya ga yadda yara 'yan shekara 7 ke ɗokin goge allo zai gane cewa ladar kanta ba ita ce ke jan su ba. Abin da suke so shi ne a ce ƙungiyarsu ta ci.

Akwai wani yaro da na taɓa samu wanda labarinsa ya riga shi isowa ajina. Malamar da ta riƙe shi a bara ta gargaɗe ni tun kafin a buɗe makaranta. Yana fizge fensirin na kusa da shi, yana mintsini, ba ya iya zama na minti biyar, idan aka yi masa magana ya tura baki. Iyaye biyu sun zo sun roƙe ni in raba 'ya'yansu da benci ɗaya da shi. Lokacin tara, ko dai ka gan shi shi kaɗai a gindin katanga, ko ka gan shi cikin dambe. Yaran ba su ma kiransa da sunansa idan sun kawo ƙara, sai dai su ce, "Malama, wannan yaron ne kuma."

Da muka fara wasan, ƙungiyarsa ta yi ta faɗuwa, kuma kowa ya san dalili. Suka zo mini gaba ɗaya: "Malama, don Allah a cire mana shi." Na ƙi. Na kuma gaya musu cewa zagin ɗan ƙungiya ko yi masa ihu don ya jawo alama shi ma karya doka ta biyu ne, alama ce a kansu. Nan ne wurin da shirin zai iya zama alheri ko ya zama zalunci, kuma duk malamin da zai yi shi ya sa ido a nan. Idan aka bar yara su huce haushinsu a kan wanda ya jawo musu faɗuwa, an ƙara masa ƙiyayyar da ake so a rage. Na rage lokacin wasan ya koma ƙasa da minti 10 na 'yan kwanaki, na zaɓi darasin da yake so, wato zane, don ya samu ya ɗanɗana nasara ko sau ɗaya ne. Ranar da ya daure har agogo ya buga, ƙungiyarsu ta ci da alama biyu kacal, wata yarinya da ke gefensa ta juya ta ce masa, "Kai, yau ka yi ƙoƙari." Bai amsa ba. Amma ya zauna a benci har aka gama darasin da ya biyo baya, wanda ba a wasa a cikinsa.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa a hankali. 'Yan ƙungiyarsa suka samo dabararsu: idan suka ga ya fara motsi, ɗaya ya ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsa, shi kuma ya koma ya zauna. Ba ni na koya musu ba. Da zagayen shugabancin ƙungiya ya zo kansa, shi ne mai zuwa ya rubuta sakamakonsu a takardar bango, kuma ya riƙe aikin da muhimmanci har yana gyara wa wasu. Kafin ƙarshen shekara na ga ana kiransa ƙwallo lokacin tara. Bai daina faɗa gaba ɗaya ba, karatunsa ma bai kai na sa'o'insa ba, kuma ranar da aka ɓata masa rai daga gida babu wasan da ke riƙe shi. Abin da ya samu shi ne abokai uku ko huɗu da suke jiran ya zo makaranta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, idan aka dubi hanyar da irin waɗannan yara suke bi. Yaro ya shigo aji 1 da faɗa, sa'o'insa su guje shi, malami ya gaji da shi, karatu ya wuce shi saboda rabin lokacinsa a waje yake ko a durƙushe. Idan ya girma kaɗan, babu masu karɓarsa sai waɗanda aka kora irinsa, kuma a cikinsu yake koyon taba da ƙwaya da sauran abin da ke biyo baya. Masu bincike a ƙasar Holan, waɗanda suka gwada wani nau'in wasan a makarantunsu, sun bi diddigin dalilin da ya sa yake rage faɗa, suka ga cewa wani ɓangare na tasirin ta hanyar karɓuwar yaro a wajen sa'o'insa yake zuwa. Abin da na gani da idona ke nan.

Hujja mafi ƙarfi da shirin ke da ita daga birnin Baltimore na Amurka ta fito. A 1985, Sheppard Kellam da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka fara gwaji da yaran aji 1 a azuzuwa 41 na makarantu 19. Wasu azuzuwan suka yi wasan a aji 1 da aji 2, wasu ba su yi ba. Aka bar yaran suka girma, aka sake nemo su suna da shekara 19 zuwa 21. A cikin mazan da suka yi wasan, kashi 19 cikin 100 ne suka faɗa matsalar shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, a cikin waɗanda ba su yi ba kuwa kashi 38. Shan taba ya ragu, halin rashin mutunta doka da haƙƙin mutane ya ragu, tunanin kashe kai ma ya ragu da kusan rabi. Waɗanda suka fi amfana su ne mazan da suka fi kowa faɗa a aji 1. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin abin da aka yi musu bai wuce raba aji da sa alama a allo ba, suna 'yan shekara 6. Dennis Embry, wanda ya fito da nau'in wasan da ake kira PAX, ya kira wasan allurar riga-kafi ta ɗabi'a.

Amma kada a tsaya a nan, don masu tallata shirin a nan suke son tsayawa. A gwajin na Baltimore an bi sahu na biyu na yara, waɗanda suka shigo shekarar da ta biyo baya. Malaman su ne dai na farko, sai dai an rage musu horo da bibiya. Tasirin ya ragu sosai. Haka kuma a Ingila, Jami'ar Manchester ta gwada wasan a makarantu 77 da yara sama da 3,000, rahoton ya fito a 2018, kuma ba a ga wani ci gaba a karatu ko ɗabi'ar yaran gaba ɗaya ba, in ban da 'yar alamar amfani ga mazan da ke cikin haɗarin lalacewar hali. Malamai ba su yi wasan da yawan da aka tsara ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun da aka ba su shirin sun ajiye shi kafin a gama gwajin.

Ban yi mamaki ba da na ji haka, don na ga irinsa. Ƙungiyar da ta horar da mu ta yi aikinta da kyau a ɗakin taro: an nuna mana, mun gwada a junanmu, an ba mu takardun rubuta sakamako. An yi mana alkawarin za a riƙa aiko mai bibiya ya zauna a aji ya ga yadda muke yi. Aka zo a farkon zango, daga nan shiru. Wannan shi ne babban ƙorafina, kuma ba ƙarami ba ne. Kafin shekara ta raba, yawancin waɗanda muka yi horo tare sun daina. Wasu ba su daina ba amma sun mai da shi wani abu daban: sai aji ya rikice sannan a ce an fara wasa, ana sa alama cikin fushi, ana kiran suna. Wannan hukunci ne da aka sa wa rigar wasa, kuma yara suna ganewa nan take. Abin da ya cece ni shi ne wata abokiyar aiki da muka yi yarjejeniya, idan tana da sarari ta zauna a bayan ajina ta rubuta sau nawa na yaba da sau nawa na sa alama, ni ma in yi mata. Idan alamu suka fi yabo yawa, mun san abin ya fara karkacewa.

Ɗaya daga cikin ƙorafin malaman Ingila ni ma ina da shi. Ƙa'idar ita ce yayin wasa malami ya ja baya, kada ya yi ta hulɗa da yara ɗaya-ɗaya, don su koyi riƙe kansu. To yaron da ya maƙale a lissafi fa, ya ɗaga hannu yana kallonka? Ga darasin maimaita abin da aka riga aka koya, ƙa'idar tana tafiya. Ga sabon darasi, ba ta tafiya, kuma ni ban yin wasan a irin wannan lokacin. Babban aji ma yana da nasa: ido biyu ba sa ganin komai, kuma yara ba su yafe rashin adalci. Idan ka sa wa ƙungiya ta ɗaya alama a kan abin da ƙungiya ta uku ta yi ba ka gani ba, za ka ji shi har a tashi. Akwai kuma yaron da zai gane cewa yana da ikon kayar da ƙungiyarsa ya riƙa yi da gangan. Maganin da shirin ya tanada shi ne a mai da shi ƙungiya shi kaɗai na ɗan lokaci. Yana aiki, amma ina yin sa da taka-tsantsan, don keɓe yaro shi ne ainihin ciwon da muke son warkarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da wasan bai gani. A shekarar da nake fama da wancan yaron, akwai wata yarinya da ba ta taɓa jawo wa ƙungiyarta alama ko ɗaya ba. Kowace ƙungiya tana son a ba ta ita. Ba ta magana, ba ta tashi, ba ta neman komai. A ma'aunin wasan ita ce ta fi kowa. Sai da na lura ba ta fita tara, tana yawan cewa cikinta na ciwo da safe, idan aka tambaye ta abu a gaban aji hannunta na rawa. Dokokin nan huɗu babu wadda za ta kama tsoro ko baƙin ciki. A gwajin Baltimore ma amfanin da mata suka samu bai kai na maza ba a yawancin abubuwan da aka auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba suna sahun gaba. Irin waɗannan ba su da hayaniya. Makarantar da ta ɗauki wasan ta ce ta gama da lafiyar zuciyar yara ta yaudari kanta. Yarinyar nan abin da ta buƙata shi ne a zauna da mahaifiyarta a tattauna, ta kuma samu wanda ya san aikin ba da shawara, da malamar da za ta tambaye ta lafiya a keɓe ba a gaban aji ba.

Haka kuma wasan yana koya wa yaro ya danne abin da ke ransa na minti 10 ko 20, amma bai ba shi kalmar da zai faɗi abin ba. Don cike wannan giɓin na aro dabarar kunkuru da shirin PATHS na Mark Greenberg da Carol Kusché ke koya wa ƙananan yara: idan ranka ya ɓaci, ka tsaya, ka rungume hannuwanka a ƙirji kamar kunkuru ya shige ƙoƙonsa, ka ja dogon numfashi, sannan ka faɗi abin da ya faru da yadda kake ji. Yara suna kama ta da sauri, har su riƙa tuna wa juna. Ranar da na ji yaro ya ce, "Na ji haushi don ya yaga mini littafi," maimakon ya kai naushi, na san dabarun biyu sun fi ɗaya. Babban nazarin da Joseph Durlak da abokansa suka yi a 2011, wanda ya tattara shirye-shirye 213 na koya wa yara sarrafa zuciya da zamantakewa a makaranta, da yara sama da 270,000, ya nuna cewa irin waɗannan shirye-shirye suna gyara hali har su ɗaga sakamakon karatu, kuma sun fi tasiri idan ana koyar da dabarun bi da bi, a fili, yara suna gwadawa da kansu, sannan ba a yi sakaci wajen aiwatarwa ba.

Wasu iyaye sun tambaye ni ko ba koya wa yara muke yi su yi abin kirki don lada kawai ba. Tambaya ce mai kyau. Idan malami ya tsaya a matakin farko, yana ba da lada kullum nan take har ƙarshen shekara, suna da gaskiya. Tsarin ya ce a janye ladar sannu a hankali, kuma da na bi hakan, zuwa zango na uku yara da kansu suke cewa, "Malama, a yi wasa," ba tare da sun tambayi me za a ba su ba.

Ga shugaban makarantar da aka kawo wa wannan shiri, tambayar farko da zai yi ita ce wa zai riƙa zuwa aji yana duba malamai, sau nawa a wata, kuma har zuwa yaushe. A sa amsar a rubuce. Idan horon ɗakin taro kaɗai za a bayar a tafi, ya tanadi lokaci a jadawali da malamai za su riƙa duba juna, in ba haka ba shirin ba zai ga ƙarshen shekara ba. A fara da aji 1 da aji 2, inda hujjar ta fi ƙarfi, da malaman da suka yarda da kansu ba waɗanda aka tilasta wa ba. Kowane malami kuma, ranar da yake raba ƙungiyoyi, ya rubuta wa kansa sunayen yaran da ba su taɓa jawo alama ba, ya riƙa duba waɗanda a cikinsu ba su da abokin wasa lokacin tara.